Inda Tsintsiyar Mama Dokas Ta Tsaya

Har yau idan ka tsaya hira da Malama Hilda a wuri mai rairayi, kafin ku rabu za ka tarar ta zana da'ira da babban yatsan ƙafarta. Ba ta sanin ta yi. In ka nuna mata sai ta goge da takalmi ta ce tsufa ne. Ba wani tsufa. Ni A'i na san ta tun muna wasan 'yar tsana a tsakar gida ɗaya a unguwar Bagadaza, kuma tun lokacin ƙafar nan ba ta da zama. Waɗanda suka bi ta hannunta a ajin lissafi a garin Gombe, wasunsu yanzu har da furfura, suna ba da labarin zafinta da yadda take jifa da alli ba ta kuskure. Abin da ba su sani ba shi ne saura ƙiris a hana ta rubuta jarrabawar fita sakandare, kuma wadda ta so hana ta ita ce wadda ta fi kowa son ta a duniya.

Gidan haya ne muke ciki, ɗakuna a jere, madafa ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Mu mutanen Katsina ne, babana Malam Sallau yana sayar da yadi a kasuwa. Su Hilda mutanen Kaltungo ne. Babanta Noah yana aiki a wurin gurzar auduga, irin mutanen nan ne da in ya ce maka ina kwana to ya gama maganar yini. Saboda haka gidan a hannun mahaifiyarta yake, Mama Dokas, mai tuyar ƙosai a bakin layi. Mace ce mai faɗa da alheri, duka biyun a cike. Kuma ban taɓa ganin mai son shara irinta ba. Safe da yamma sai ta bi tsakar gida da tsintsiya, ta bi zaure, ta fita har gindin dalbejiyar da ke ƙofar gida ta share tas. Ko sawun kaza ba ta bari ya kwana.

A gindin dalbejiyar nan ƙaninta yake yini, Kawu Alfred. Mun tashi mun gan shi a wurin. Ba ya duka, ba ya zagi, ba ya yawo. Yana zaune kan kututture cikin wankakkiyar riga, bakinsa yana motsi a hankali, yatsansa yana yawo a iska kamar mai rubutu. Maganarsa ba ta wuce "ruwa" ko "na ƙoshi". Yaran unguwa ba sa tsokanarsa, ba don tarbiyya ba, sai don sun san harshen yayarsa.

Labarinsa kuwa kowa a gidan ya san shi. Wai shi ne yaron da ya fi kowa kai a makarantar horon malamai ta mishan, musamman a lissafi. A shekarar da aka samu 'yancin kai, cikin bazara, aka kawo shi gida ranga-ranga da zazzaɓi, wuya ya sanƙare, yana ta sambatu da lambobi. Da ya tashi bai dawo daidai ba. Ni ba likita ba ce, amma manya sun ce a shekarar sanƙarau ya yi ɓarna a ƙauyuka. Su dai danginsa lambobin nan suka ji, suka yanke hukunci: lissafi ne ya dafa masa ƙwaƙwalwa. Mahaifinsu ya sa aka tattara littattafansa aka cinna musu wuta, kuma Dokas ce ta kai su bakin murhu da hannunta. Daga ranar ta kafa doka, duk inda Alfred yake ba a kawo takarda mai lamba kusa da shi. Ko kalandar coci a ɗakinta take ratayewa.

To sai ga Hilda. Tare muka ci jarrabawar shiga sakandare, tare aka kai mu makarantar 'yan mata ta gwamnati, ta kwana. Lokacin kuɗin mai ya fara zuba, komai gwamnati ke yi mana, kayan makaranta, sabulu, har kai mu da dawo da mu. Malamai ma daga ƙasashen waje ake ɗauko su. Na lissafinmu wani Ba'indiye ne ɗan gajere, mai tabarau, wanda sai da muka shekara kafin mu fara gane Turancinsa. Ni tsakanina da lissafi gaisuwa ce daga nesa. Hilda kuwa tun daga aji huɗu ta rabu da mu, ta shiga cikin 'yan tsirarun da aka ware wa lissafi mai zurfi. Ba ta faɗa a gida ba. Mama Dokas ba ta karatun Turanci, in an kawo sakamako sai ta ce, "An ci ko an faɗi?" A ce an ci, ta ce madalla.

Malamin nan yana da wata ɗabi'a. Ranar da za a tafi hutu sai ya kira 'yan ajinsa, ya ba kowacce tambaya guda, mai wuya, ta tafi da ita gida. Mu muka sa wa abin suna tsaraba. Kullum Hilda kan kashe tata tun a cikin mota kafin mu iso Gombe. Sai a hutun Ista na aji biyar, hutun ƙarshe kafin jarrabawa, ta gamu da gamonta. Ta nuna mini: da'ira biyu ne sun shiga juna, ga layuka sun ratsa su, an ce a nuna dalilin da ya sa wannan kusurwa ta yi daidai da waccan. Na duba na ce, "Ai ko makaho ya shafa ya san daidai suke. Me kuma ake nema?" Ta harare ni ta ce dalili ake nema, ba ido ba.

Muka iso gida tsarabar ba ta mutu ba. Bazara ce, irin zafin Gombe da ko ƙadangare ke neman inuwa, ga wahalar ruwa. Shekarar da ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi na Udoji ce, kowane gida rediyo na kuka, sababbin babura na ta kai da kawo a layi. Duk wannan Hilda ba ta gani. Ta ɗora miya ta ƙone tana tsaye a kanta. Ta je famfo, bayan doguwar jira, bokiti ya cika yana zuba tana kallon sama har mata suka yi mata ca. A gaishe ta ba ta amsa ba. A zuba mata tuwo ta yi loma biyu ta ture. Sannan abin da ya fi komai muni: bakinta ya fara motsi, yatsanta ya fara yawo a iska.

Ran nan ina wanke-wanke na ɗaga kai na ga Mama Dokas tsaye a bakin zaure. Daga inda take tana hango ƙaninta a waje, tana hango 'yarta a ciki, kowanne da yatsa a sama. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba sai ranar. Ta yafito ni da hannu, ta ja ni bayan madafa.

"A'i, tsakaninki da Allah, me ake koya wa 'yar'uwarki a makarantar nan?"

Na ce, "Lissafi ne, Mama. Ita ce ta ɗaya. Har malamin yana cewa za ta je jami'a."

Na zaci albishir na yi. Sai na ga ta dafa bango.

"Ke ba ajinku ɗaya ba? Me ya sa ke ba kya magana ke kaɗai?"

"Ni ai bai shiga ba, Mama, balle ya taɓa ni."

Ta ce, "To kin gani. Ga ki nan garau, kina ci kina barci."

Wato daƙiƙancina ya zama hujja. Tun da nake ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

Kafin yamma labari ya zaga layi. A wurin famfo na ji wata mata, wadda ko sunanta ba na son kamawa, tana cewa ai dama abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, jini ne. Da ina da bakin da nake da shi yanzu da ta gane kurenta. A lokacin sai dai na ɗauki bokitina ina huci.

Washegari Hilda ta dawo daga aike ta tarar babu littafi ko ɗaya a akwatinta, babu gwangwanin kayan lissafi mai kamfas da rula, ko guntun fensir ba a bar mata ba. Ta yi kuka, ta yi roƙo, ta je wurin babanta. Noah ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ce, "Abin da uwarki ta ce." Ni ban ga laifin Mama Dokas sosai ba, ko a lokacin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma garin gyaran gira ta kusa tsone ido, domin da aka raba Hilda da takarda sai abin ya koma kanta gaba ɗaya. Da can rabin aikin a littafi take yi. Yanzu dole ta riƙe da'ira biyu da layukansu duk a ka, sai motsin bakin ya ninka, yatsan ya daina hutawa. Duk wanda ya gan ta sai ya ce ciwo ya yi gaba.

Aka shiga magani, kowa da irin nasa. Innata Ladi ta kawo man shanu ta ce a riƙa shafa mata a tsakar ka don ƙwaƙwalwa ta yi sanyi, ta haɗa da turaren hayaƙi. Hilda ta zauna kamar amarya, kai yana naso, ido yana hawaye, ƙudaje suna rakiya. Sannan matan zumunta na cocinsu suka zo da rana, cikin anko, suka sa ta a tsakiya suka yi waƙa da addu'a mai ratsa jiki, har Inna da ke leƙe daga ƙofarmu ta share hawaye. Hilda ta durƙusa da ladabi, ta rufe ido. Tana tsaka da haka yatsanta ya sauka kan tabarma ya fara zagaye. Shugabar matan ta buɗe ido ɗaya ta gani. Suna fita ta ce wa Mama Dokas a nisanta yarinyar nan da duk abin da ya shafi makaranta, a kai ta inda za ta huta.

A nan aka yanke shawara. Ranar da motar makaranta za ta kwashe mu, Hilda ba za ta shiga ba. Za a kai ta ƙauyen Kwadon wurin Goggo Jane, ƙanwar babanta, mai noma, inda babu littafi sai na waƙoƙin coci. Ni aka ɗora wa kai saƙo wurin shugabar makaranta cewa Hilda ba ta da lafiya. Jarrabawa kuwa saura 'yan makonni, kuma ba ta jiran kowa. In ta wuce, aka kuma ce an cire yarinya saboda taɓin hankali, shekara biyar ta tafi a banza, sunan kuma ya manne mata har abada. Hilda ta san haka. Ta tsaya gaban uwarta ta ce, "Mama, lafiyata ƙalau. Tambaya ce kawai ta ƙi fita." Mama Dokas ta ce, "Shi ma haka ya riƙa cewa." Duk abin da ta faɗa sai ya zama shaida a kanta, har ta gaji ta yi shiru, shirun ma aka ce alama ce.

Mai hali ba ya fasa halinsa. Tunda babu takarda, Hilda ta koma ƙasa. A tsakar gida ba dama, ido ya yi yawa, sai ta riƙa faɗin za ta kai wa Kawu ruwa, ta tsuguna a bayan dalbejiya ta zana da'irorinta da tsinke. Mama Dokas tana zuwa sharar yamma ta gani, ta bi da tsintsiya da ƙarfi kamar mai kashe kunama. Gobe a sake zanawa, a sake sharewa. Babu wanda ya tuna cewa akwai mutum zaune a wurin. An saba da Kawu Alfred kamar yadda aka saba da kututturen da yake zama a kai. Shekara goma sha wani abu ana kare shi daga takarda, ga shi dokar yayarsa da kanta ta kawo masa lissafi har gaban ƙafarsa.

Ranar tafiya Kwadon ta zo, ana gobe za mu koma makaranta. Da hantsi Bawa direba ya tsayar da motarsa a bakin layi yana jira. Na kama akwatin ƙarfen Hilda ta gefe ɗaya, ta kama ɗaya gefen, muka fito. Ba ta kuka, ta riga ta gama. A ƙofar gida ta ce mu ajiye ta yi wa Kawu sallama.

Ba ya kan kututturensa. Yana tsugune a bayan bishiyar, a gaban zanen da ta yi da sassafe, da tsinken dalbejiya a hannunsa. Ta ce, "Kawu, zan tafi." Bai ɗago ba. Sai muka ji murya, a shaƙe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Wa ya ba ki wannan?"

Hilda ta kalle ni, na kalle ta. Ta ce, "Malaminmu ne, Kawu."

"Kin cika layuka a waje. Ba a waje yake ba." Ya nuna da tsinken. "Nan suka gamu. Nan ma suka gamu. Me ya hana ki haɗa su?"

Ya ja layi ɗaya, miƙaƙƙe kamar da rula, daga inda da'irorin suka haɗu a sama zuwa inda suka haɗu a ƙasa. Hilda ta zube a gabansa, zanen fita da ta ɗaura yana shan ƙasa. Ta kafa wa layin ido. Ta karɓi tsinken ta fara nuna kusurwa tana faɗin dalili, shi yana cewa "ci gaba", in ta yi tsalle ya ce, "A'a, ba ki faɗi me ya sa ba. Koma." Wani wurin ya juya Turanci, irin na 'yan mishan, tsaf. Ni dai ina tsaye riƙe da hannun akwati, ban gane ko ɗaya ba, amma tsigar jikina ta tashi.

Bawa ya danna ham. Mama Dokas ta fito neman mu, tsintsiya a hannu kamar kullum. Ta zagayo bishiyar ta gan su, kai da kai a kan zane, abin da ta fi tsoro a duniya. Na ga ta ɗaga tsintsiyar za ta share. Sai ta ji muryar ƙaninta yana jera magana, ɗaya bayan ɗaya, hannunta ya tsaya a sama.

Kawu Alfred ya ɗago ya dube ta. Da Hausa ya yi maganar, ba da yarensu ba, kamar yana so ni ma in zama shaida.

"Adda, kar ki share. Ba mu gama ba."

Ta ce, "Alfred?"

"Ina za ku kai ta?"

"Kwadon. Ta huta. Kar abin da ya same ka ya same ta."

Ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Zazzaɓi ne ya kayar da ni, Adda. Da na tashi, kaina ya zama kasuwa, har yau ba ta tashi ba. In ina wannan ne kawai take yin shiru. Ranar da kuka ƙona littattafaina ina kallon ku, bakina ne bai dawo ba." Ya ɗaga yatsansa ya duba. "Wannan da kike gani yana yawo, su nake nema. Saura kaɗan nake tunawa."

Mama Dokas ta zauna daɓas a ƙasa, ita da ko kan tabarma ba ta zama sai ta kakkaɓe. Ba ta yi kuka da murya ba, hawaye ne kawai ke bin fuskarta. Hilda kuwa, Allah ya shirye ta, ko a wannan hali idonta yana kan zanen. Ta ƙarasa layi biyu na ƙarshe da tsinke, ta dubi kawunta, ya gyaɗa kai. Sai ta ja dogon numfashi ta saki, kafaɗunta suka sauka. Ta waiwayo ta ga uwarta kamar yau ta fara ganin ta.

"Mama, me ya same ki? Tashi, ƙasa ce fa."

Mama Dokas ta ce, "Abin ya fita?"

"Ya fita, Mama. Layi ɗaya ne ashe."

"Shi ke nan? Ya ƙare?"

"Ya ƙare." Ta shafa kanta, ta dubi hannunta, ta yamutsa fuska. "Wai wannan man shanun har yaushe? Kuma ni yunwa nake ji. Akwai sauran ƙosai?"

A gabanmu ta cinye ƙosan da ya rage a kwano, ta sha kunu, ta tambaya ko akwai ɗumame. Tana ci tana ba ni labarin wata 'yar ajinmu, tana dariya har da ƙwarewa. Mama Dokas tana zaune tana bin kowace loma da ido. Na tabbata maganar ƙaninta ce ta karya mata zuciya, amma cin nan shi ya kwantar mata da hankali. Ta ga ciwon kai iri-iri a rayuwarta, ba ta taɓa ganin wanda layi ɗaya ya warkar ba, har mai shi ya nemi ɗumame.

Bawa ya gaji da ham ya tako da kansa yana mita, wai fasinja sun cika masa kunne. Mama Dokas ta ƙulle masa ƙosai a takarda ta ce ya gaishe da Jane, an fasa. Ya tafi yana girgiza kai. Ni kuwa sai a lokacin na lura har yanzu ina riƙe da hannun akwatin. Na sake shi, na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Sai Mama Dokas ta leƙa ɗakinmu ta ce, "Ladi, fito da ajiyata." Inna ta jawo wata babbar kwalla daga ƙarƙashin gadon da nake kwana, ta ɗaga murfi. Ga littattafan Hilda a jere, ga gwangwanin kamfas, an lulluɓe su da tsohon zane. Ashe Mama Dokas ta kai su bakin murhu, ta tsaya, ta kasa. Hannun da ya yi sau ɗaya ya ƙi yin na biyu. Ashe kuma duk kwanakin nan a kan lissafi mai zurfi nake barci, ko ɗigo bai shiga kaina ba.

Washegari muka shiga motar makaranta tare. Saƙon da aka ɗora mini ya mutu a cikina. Muka yi jarrabawa, Hilda ta fito da sakamakon da malaminmu ya riƙa yawo da shi ofis-ofis, ni kuma na tsallake lissafi da ƙyar, kamar akuya a kan kwalbati. Ta wuce Zariya ta yi karatun koyarwa, ta dawo Gombe ta kama alli, ba ta ajiye ba sai da ta yi ritaya. Ta yi aure a unguwar Malam Inna, ta haifi 'ya'ya, babu wanda ya gado ta a cikinsu, abin da har yau nake tsokanarta da shi. Ita ma tana ba ɗalibanta tsaraba ranar hutu. Sai dai takan ƙara da cewa, in sun fara magana su kaɗai, su gaya wa iyayensu tun da wuri.

Kawu Alfred bai warke ba, kar in yi ƙarya. Kasuwar kansa ba ta tashi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma ya samu sauƙi irin wanda ba mu taɓa zato ba. Duk hutu Hilda tana zuwa masa da tambayoyi. Yayarsa da kanta ta shiga kantin littattafai, karo na farko a rayuwarta, ta sayo masa littafin rubutu da fensir. Ya karɓa ya yi godiya ya ajiye a ƙarƙashin matashi. Ƙasa ya fi so. Yakan yini a tsugune yana zane, in ya gaji ya hau kututture, wani lokaci har ya amsa gaisuwa da cikakkiyar magana.

Da muka dawo gida bayan jarrabawa, na fito da yamma na tarar da Mama Dokas tana shara. Ta gama tsakar gida, ta gama zaure, ta fito waje. Da ta iso gindin dalbejiya sai na ga ta rage ƙarfi, ta bi ta gefe da bakin tsintsiya a hankali, ta zagaye wurin ta bar shi da ganyensa da tsinkayensa da komai. Daidai lokacin wasu yara suka kwaso da gudu suna gara taya, sun nufo bishiyar. Ta tare su da tsintsiyar.

"Ku bi ta can," ta ce. "Ba ku ga Alfred yana aiki ba?"